Yadda Injiniya Dalhatu Ya Juya wa Jar Mota Giya

A Makera in ka tambayi gidan Dalhatu, za a ce maka wane Dalhatun. Amma ka ce Injiniya, ko kajin layin sun san ƙofar. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta nanatawa har mutane suka gaji suka karɓa. Iyakar injiniyancin nasa dai shekara goma sha tara ce da ya yi a wata masaƙa a Kakuri, yana bin injuna da 'yar butar mai yana ɗiga musu. Da masaƙar ta rufe sai ya kafa rumfa yana gyaran keken ɗinki da fanka da duk abin da tsautsayi ya kawo gabansa. Akwai fankar da ya gyara wa wani tela, har yau sai telan ya zagaya bayanta yake samun iska.

Amininsa tun zamanin masaƙa shi ne Baba Sylvanus, tsohon direban Baturen da ke manajan wurin. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa wata jar mota mai kujera biyu, gajera ƙasa-ƙasa, wadda ta girmi yawancin mutanen Kakuri, sitiyarinta ma a hannun dama yake. A cikinta aka kai marigayiya Esther coci ranar da Baba Sylvanus ya aure ta. Shi ya sa da aka sa ranar auren autarsu Rhoda, ta ce ita ba ta son jif ɗin kowa, a kujerar da mamanta ta zauna za ta zauna. Faston cocinsu kuwa ba ya wasa da lokaci. Ƙarfe goma yake sa a rufe ƙofa, don akwai wani ɗaurin auren bayan nasu, amaryar da ta makara sai dai ta jira wata Asabar ɗin.

Injin motar lafiyarsa ƙalau. Sandar giyarta ce ta saki, tana yawo kamar muciya a tukunyar kunu. Ranar Laraba Baba Sylvanus ya kira Mamman bakanike ya duba. Rashin sa'a, a daidai lokacin Dalhatu yana tsakar gidan, ya zo gaisuwa ya tarar da kwanon pate.

Mamman ya girgiza sandar sau biyu, ya ce, "Baba, wata 'yar roba ce a gindinta ta cinye. Gobe in sayo, minti talatin na gama."

Dalhatu ya yi dariya har sai da ya ƙware.

"Roba! Ji min bakaniken bakin titi. Kai Mamman, ka san lokacin da aka ƙera motar nan?"

"Ban sani ba, Injiniya. Na dai san lokacin da roba take cinyewa."

"To buɗe kunnenka ka ƙaru. Motar nan tun ana tuƙi a hannun hagu aka yi ta. Daga baya ƙasa gaba ɗaya ta juya ta koma dama. Titi ya juya, 'yan sanda sun juya, direbobi sun juya. Ita wa ya juya mata giya? Babu! Shekara hamsin tana bin titin dama da giyar hagu, ba dole ta rikice ba?"

Baba Sylvanus ya sosa ƙeya.

"Dalhatu, ai ni na tuƙa ta shekara da shekaru ba ta rikice ba."

"Haƙuri take yi, mutumina. Haƙurin ne ya ƙare. Ka bar min ita, in juya mata giya, in yi mata sabuwar sanda wadda ko a Legas babu irinta. Kuma tunda idonka ya yi yana, ni zan tuƙa 'yata da kaina har ƙofar coci."

Baba Sylvanus mutum ne mai kara, kuma abotar shekara talatin da wani abu ba wasa ba ce. Bai ce e ba, amma bai ce a'a ba, shi kuwa Dalhatu shirun mutum a wurinsa sa hannu ne. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga yatsa sama yadda duk matan da ke tsintar shinkafa za su gani.

"Ku zama shaida. Daga yau har amarya ta sauka a ƙofar coci, duk wanda ya sa wa motar nan hannu, ban yafe ba!"

Mamman ya tattara sufanunsa. "Mun ji, Injiniya. Allah ya ba da sa'a."

Ranar Alhamis da hantsi Dalhatu ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ya shiga kwance-kwance. Abin da ya kamata a kwance ya kwance, wanda bai kamata ba ma ya kwance, har mazubin tokar sigari sai da ya ciro. Ya wanke ƙarafan da kananzir a robar wankin shinkafa, ya jera su a rana yana yi wa masu wucewa lacca. A cikinsu akwai wani ɗan sufirin, wato 'yar murɗaɗɗiyar waya mai dannuwa, da wani ɗan ƙwallon ƙarfe mai sheƙi, bai fi ƙwayar gyaɗa ba.

A gidan kuwa akwai wani ƙaton talotalo da Madam Patience, ƙanwar marigayiya, ta kawo daga ƙauye don biki. Talotalon ya zo ya tsaya a bakin tabarma, ya karkata kai ya saurari laccar, sannan ya miƙa wuya ya haɗiye ƙwallon.

Dalhatu ya yi kukan kura ya bi shi. Suka zaga motar sau uku, suka bi ta cikin shinkafar da aka shanya, suka kifar da bokitin zoɓo. A zagaye na huɗu talotalon ya ga abin ya ishe shi, ya juyo ya baza gashi, sai ga Injiniya a gaba tsuntsu a baya. Sai da ya haye kan tulin itace ya samu bakin magana.

"Madam, a kawo wuƙa! A yanka shi yanzu, ya haɗiye kayan aiki!"

Madam Patience ta riƙe ƙugu. "A yanka wa? Abeg, Malam Dalhatu, wannan naman Asabar ne. In na yanka yau, da wace wutar zan ajiye shi? Ka zauna ka jira shi ta ɗaya hanyar."

Haka kuwa aka yi. Daga azahar zuwa la'asar babban injiniyan Makera yana tsugune da tsinke a hannu yana bin bayan talotalo. Duk wanda ya leƙo sai ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya." Talotalon bai yi rowa ba, amma ƙwallo bai fito ba. Da Dalhatu ya gaji sai ya jefar da tsinken ya kakkaɓe hannu.

"Da ma ba shi da amfani. Bature haka yake, sai ya cusa abubuwa barkatai don a ce ya iya."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka shiga zancen sabuwar sanda. Tsohuwar gajera ce, a ganinsa ba ta dace da motar amarya ba. Ya faki idon matarsa Jummai ta tafi barkar haihuwa, ya shiga ɗakinta da zarto, ya yanke sanda ɗaya daga cikin huɗun da ke riƙe da rumfar gadonta na ƙarfe, mai ƙwallon tagulla a kai. Ya kai wa mai walda ya liƙa masa ita a kan guntun tsohuwar. Mai waldar ya ce ƙarfen gado ba shi da kauri, ba zai riƙe ba. Dalhatu ya ce masa shi liƙi aka kawo masa, ba shawara aka zo nema ba.

Ya dawo ya ɗauki gindin giyar, ya juya shi gaba ya koma baya, ya buga da guduma har ya shiga. Ya ɗaure notunan da suka yarda, ya kafa sandar. Ta tsaya ƙerere, ta kusa kai kafaɗar direba, tagullar tana walƙiya. A kan tabarma sufirin ya yi saura, da noti uku, da wata washa mai kunne. Ya kwashe ya zuba a aljihu.

Mamman, wanda ya ce wucewa kawai yake yi, ya leƙo ta kan katanga.

"Injiniya, na ga an samu rara."

"Alamar gwani ke nan. Abin da Bature ya yi da goma, ni na yi da bakwai."

"To a ɗan zaga da ita layi mana, a gwada. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Gwaji na mai shakka ne. Ka taɓa ganin likita ya ɗanɗana allura? Kuma man da ke ciki na gobe ne, ba na yawon banza ba."

Bai rufe baki ba Jummai ta faɗo gidan, mayafi a kafaɗa, ko sallamar kirki ba ta ƙarasa ba.

"Malam! Na kwanta in huta, rumfar gado ta rufto min a ka da gidan sauro da komai. Ina ƙafa ɗayar?"

"Ke Jummai, sassauta murya, muna gidan mutane. Gadonki ya samu ɗaukaka, gobe zai je coci."

Ta leƙa cikin motar ta ga tagullarta. Ta yi salati, ta tafa hannu.

"Gadon da uwata ta sayar da saniya ta saya min! Wallahi gobe da ni za a yi. Zan zo in ga ƙarshen wannan ɗaukakar da idona."

Gari ya waye ranar Asabar. An ɗaura wa jar mota ribin da balan-balan, da dogon tsinke aka maƙala su don kada wani ya taɓa ta. Matan zumuntar coci sun cika ƙofar gida da anko da ganguna. Dalhatu ya iso cikin babbar riga fara ƙal, an sa mata sitaci har tana ƙara, ya ɗora baƙin tabarau. Tara da kwata Rhoda ta fito cikin farar riga. Ta tsaya ta shafa kujerar hagu kafin ta zauna, idonta ya ciko. Matan duk sun san abin da ta tuna.

"Baba Dalhatu, don Allah a hankali," in ji ta.

"'Yata, kwantar da hankalinki. Ko ruwa kika riƙe a cokali ba zai zube ba."

Ya murɗa makulli, injin ya tashi da gurnani mai daɗi. Aka rangaɗa guɗa. Ya taka kuloci, ya cafki tagulla, ya tura ta inda giya ta ɗaya take, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya saki ƙafa.

Motar ta zabura da baya. Ta tsinke igiyar kanofi, ta ture kujeru shida, ta je ta daki kular kunun zaƙi, kunu ya malale har bakin kwata. Mata suka watse, kowace ta kama ɗankwalinta.

"Tana ja da baya ne ta ɗauki hanzari!" Dalhatu ya yi ihu ta taga. "Haka motocin tsere suke, kamar rago!"

Ya ja sandar ƙasa. Motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Ya sake tayarwa, ya kai sandar hagu, tagullar ta ƙwale gwiwar amarya. Ya dawo da ita dama, ta naɗe bakin mayafinta. Sai da ya lalubi inda ribas take a da, sannan motar ta yarda ta yi gaba, tana kuka tana tsalle, suka fita layi. A baya keke mai ƙafa uku ya biyo su ɗauke da Baba Sylvanus da Madam Patience, ta rungume kek mai hawa uku a cinya. Bayansu matan zumunta a ƙafa, da Mamman, da Jummai tana ɗaga zani tana sauri don kada wani abu ya wuce ta.

Aka yi tafiyar da ba ta fi jifa biyu ba lafiya. Dalhatu ya fara leƙo kai yana amsa gaisuwar masu shaguna. A mararrabar kasuwa ya ga idon jama'a ya yi yawa, ya ce bari ya ƙara giya su ga aiki. To sufirin ɗin da ke hana sanda faɗawa ribas yana aljihun rigarsa ta jiya. Giyar ta yi wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, motar ta tsaya cak, sannan ta koma inda ta fito. Mai keke ya taka birki, amma ina! Ta same shi a goshi. Kek ya bar cinyar Madam Patience ya koma fuskarta, hawa ɗaya kuma ya sauka a hular Baba Sylvanus.

"Jesus! Mutumin nan zai kashe mu!" in ji Madam Patience ta cikin kek.

"Laifin mai keke ne, ya matso da yawa!"

"Baba Dalhatu, goma saura ashirin da biyar," in ji Rhoda.

Dalhatu ya kama sandar da hannu biyu, ya tokare ƙafa, ya ce bismillahi, ya fizga da duk ƙarfin tuwon da ya ci a rayuwarsa. Waldar ta ɓalle. Sandar ta taho gaba ɗaya, shi kuma ya yi baya ya bugi ƙofa, ƙofar ta buɗe, ya zube a titi ƙafafu a sama, yana riƙe da ƙafar gadon matarsa. Kasuwa ta ɗauki sowa. Jummai ta ratso taron a natse, ta zare sandar daga hannunsa, ta goge tagullar da bakin mayafi.

"Sannu, Malam. An fasa zuwa cocin ke nan?"

Mamman ya leƙa ta taga, hannayensa a baya. "Giya ta maƙale a ciki. Wannan sai dai mutum ya danne kuloci a tura ta."

Wani mai shago ya ce ga motarsa nan, a ɗauki amarya. Madam Patience ta ce ko acaɓa ne a hau, lokaci na tafiya. Rhoda ta riƙe kujerar da hannu biyu, hawaye na wanke mata hoda.

"Ni ba zan sauka ba. A nan mamana ta zauna. In an rufe ƙofa a rufe."

Sai Baba Sylvanus ya cire hularsa ya karkaɗe kek, ya tako a hankali ya tsallake Dalhatu, ya zauna a mazaunin direba, ya kashe injin. Ya dafa sitiyarin da ya rabu da shi shekara shida.

"Motata ce, ni rashin yafewarka bai shafe ni ba. Idona ba ya ganin nesa, amma tafiyar turi ko makaho ya iya. Na danne kuloci. Dalhatu, ka ce kai za ka kai ta da kanka. Bismillah."

Dalhatu ya miƙe, ya dubi jama'a. "To samari, a sa hannu mana."

Ba wanda ya motsa.

"Ai ka ce ba ka yafe ba," in ji Mamman. "Mu kuwa muna tsoron haƙƙi."

"Ƙwarai," in ji matan zumunta baki ɗaya. "Mu ne shaidu."

Haka Injiniya ya naɗe babbar riga ya aza a kafaɗa, ya kafa ƙirji a bayan jar mota. Ta motsa. Matan suka ɗauki ganguna suka bi shi da waƙa, suna saita kiɗan da nishinsa. Tabarau ya faɗi, takalmi ɗaya ya tsinke, sitaci ya narke ya bi gumi. Jummai tana gefensa tana dogara sandar gadonta, tana cewa, "A ƙara giya, Malam, ta biyu ce wannan ko ta uku?"

Aka zo ɗan hawan da ke gaban cocin, goma saura biyar. Ana hango dattijon da ke tsaron ƙofa ya riga ya rufe ɓari ɗaya yana duba agogo. Dalhatu ya tura, motar ta hau rabi, ta tsaya, sannan ta fara dawowa tana tura shi. Ƙafafunsa suka shiga jan ƙasa. Ta gilashin baya ya hango Rhoda ta juyo tana kallonsa. Wannan kallon ya fi masa dariyar kasuwa ciwo, don yarinyar a hannunsa ta girma.

"Na yafe," ya ce a ciki-ciki.

Jummai ta kara hannu a kunne. "Me ka ce? Ganga ta yi yawa."

"Na yafe!"

"Wa ka yafe wa?" in ji Mamman.

"Kowa da kowa! Har talotalo! Ku taimaka don girman Allah, robar ce, na yarda robar ce!"

Kafin ya rufe baki hannu ya fi ashirin a jikin motar. Mamman, da mai keke, da matan zumunta, da Madam Patience da kek a gira, har Jummai ta sa kafaɗa. Jar mota ta haye tudun a guje, Baba Sylvanus ya karya sitiyari ya shige harabar, ya taka birki daidai bakin matakala, dattijon yana riƙe da ɓari na biyu. Baba Sylvanus ya fito ya zagaya ya buɗe wa 'yarsa ƙofa da kansa. Ta sauko daga kujerar mamanta, ta saƙala hannu a nasa, suka shiga su biyu suna kuka suna dariya. Aka rufe ƙofa a bayansu.

A waje kuwa Dalhatu yana kwance rigingine a kan ciyawa, ƙafa ɗaya ba takalmi, ƙirji na hawa da sauka. 'Yan kallon da suka biyo tun daga kasuwa suka yi masa zobe. Mamman ya tsuguna yana yi masa fifita da hula.

"To Injiniya, yanzu me za ka ce?"

Dalhatu ya buɗe ido ɗaya. Ya ɗaga yatsa da ƙyar ya nuna jar motar.

"Ku je ku duba tankinta," ya ce yana haki. "Tun daga kasuwa har nan, ko ɗigon mai ba ta sha ba. A tsadar nan, ku nuna min bakaniken da ya taɓa yin irin wannan a Kaduna."